Mutuwar Munji Mai Gahawa a Jaridu Biyu

Shekara tara Wasila ta yi tana karanta kowane labari sau biyu. Aikinta ke nan a wani ɗan ofishi da ke hawa na uku a tsakiyar Tunis, inda wata ƙungiya mai sa ido a kan aikin jarida ta kama ɗaki biyu. Kullum da safe za ta tarar da jaridu biyu a kan teburinta. Ɗaya ta masu sassaucin ra'ayi ce, sunanta rubuce da shuɗi. Ɗayar ta masu ra'ayin riƙau ce, nata sunan da kore. A ofishin ba mai kiran su da sunayensu na gaskiya, Shuɗiya da Koriya kawai ake cewa, kamar wasu maƙwabta biyu da unguwa ta gaji da rabon faɗansu.

Sai ta jawo takardar cikewa ta bi gurabenta ɗaya bayan ɗaya. A wane shafi aka sa labarin, me aka rubuta a kansa, ta bakin wa aka ji, wa aka bari ba a tambaya ba, wane hoto aka zaɓa, da wace kalma aka kira mutanen da abin ya shafa. Idan mata suka yi gangami a kan rabon gado, Shuɗiya ta ƙirga dubu goma, Koriya ta ce 'yan ɗaruruwa ne. Mako na zagayowa masu adawa da su suka fito, sai lissafi ya juya. Wannan ta ɗauki hoto daga saman bene inda ba a ganin komai sai kawuna, waccan ta ɗauka daga gefe inda fili ya fi mutane yawa.

A shekarun farko abin na ci mata rai, har takan koma gida da ciwon kai. Daga baya ya daina. Ta koma kamar mai tsintar wake, hannu na aiki, zuciya na wani wuri. Shugabarsu Dalila, wata doguwar mata mai yawan barkwanci, takan leƙo ta ce, "Wasila, yau wa ya fi zuba ta?"

"Kunnen doki suka yi," in ji Wasila, ba tare da ta ɗago ba.

Mahaifinta Munji yana da shagon gahawa a unguwar Bab Sa'adun, tsallaken titi daga asibiti. Shago ne na tebur takwas, da shi da ma'aikacinsa Halifa, wanda suka tsufa tare a bayan kanta ɗaya. Duk watan azumi sai Baba Munji ya rufe gilasan tagogi da tsofaffin jaridu, ya sakaya ƙofa, ya ci gaba da dafa gahawa. Masu shiga sun san kansu. Akwai masu ciwon suga da suka fito daga gwaji, akwai 'yan ƙauye masu jinya da suka kwana a kan benci, akwai kuma waɗanda lafiyarsu ƙalau, azumin ne kawai ba sa yi. Shi kansa bai taɓa shan azumi ba tun yana ɗan shekara goma sha huɗu. Yana tsaye cikin tururi da ƙamshin gahawa tun safe har la'asar, bakinsa a bushe, ba ya tambayar kowa dalili.

Yayan Wasila, Lutfi, malamin lissafi ne a makarantar sakandare, mai gemu da tabon salla a goshi. Duk shekara sai sun yi maganar rufe shagon da tsohon, duk shekara amsar ɗaya ce: "To, na ji. Wata rana." Wasila ba ta taɓa sa baki ba. Tun rasuwar mahaifiyarsu abin da kawai take bin sa da shi maganin hawan jini ne, wanda yake mantawa a aljihun wata rigar.

Ranar tara ga azumi, wajen ƙarfe sha ɗaya na safe, wayarta ta yi ƙara. Halifa ne.

"Wasila, ki zo asibiti. Babanki ne."

"Me ya same shi?"

"Ki dai zo."

Daga muryar ta gane. Ta ajiye wayar, ta ƙarasa layin da take rubutawa, ta rufe biro, ta daidaita takardun. Sai da ta sauka hawa biyu ta ga ba ta ɗauki jakarta ba, ta koma ta ɗauko. A cikin tasi direba yana ta mita a kan tsadar ƙwai, tana amsa masa da "wallahi kuwa".

Kafin ta isa ya riga ya cika. Lutfi na tsugune a jikin bango, kansa cikin tafukansa. Wani ɗan sanda ya yi musu bayani a tsaye: wasu mutum uku sun je shagon suna neman a rufe, gardama ta kaure tsakaninsu da masu shan gahawa, aka yi ture-ture a bakin ƙofa, tsohon ya faɗi. Ba za a ba su gawa ba sai likitan hukuma ya duba. Wasila ta sa hannu a inda aka nuna mata. Tana jiran kuka ya zo, bai zo ba.

Washegari aka yi jana'iza. Maza suka tafi maƙabarta, mata suka cika falon gidan, ga zafi, ga azumi, ba ruwan da za a miƙa wa kowa. Gwaggo Hasiba, yayar marigayin, ita ke tsakiya tana karɓar gaisuwa. Wasila na gefe a kan kujerar roba, duk wadda ta rungume ta sai ta ji kamar wata ake runguma.

Can wata budurwa mai gajeren gashi ta zauna kusa da ita, ta riƙe mata hannu. Ta ce daga jarida take, ta faɗi sunan, Shuɗiya ce. Idanunta sun yi ja, kuma Wasila ta ga ba na ƙarya ba ne.

"Anti, wane irin mutum ne shi?"

"Ba ya jin magana," in ji Wasila. "Ko maganin hawan jininsa sai an yi da gaske."

"Akwai hotonsa?"

Wasila ta san abin da ake yi da hoto, ta fi kowa a falon sani. Amma ta tashi, ta ɗauko gwangwanin alawa da suke ajiye hotuna, ta ɗora mata a cinya ta koma ta zauna. Ba ta ma duba wanda aka zaɓa ba. A daidai lokacin, a rumfar maza da ke ƙofar gida, wani mai tattausar murya daga Koriya yana zaune kusa da Lutfi, shi ma yana tambaya.

Da safe ta fita ta sayo jaridun biyu, don ƙafarta ta saba. Ta shimfiɗa su a teburin kicin.

A shafin farko na Shuɗiya ga mahaifinta yana ɗan shekara talatin a bakin teku, riga a buɗe, sigari a baki, yana dariya. A sama an rubuta da manyan baƙaƙe: SUN KASHE SHI SABODA KOFIN GAHAWA. An kira mutum ukun 'yan ta-kife, an kira shi jarumin da ya tsare ƙofar 'yanci shekara talatin. An ji ta bakin wani lauya da wata malamar jami'a. An ce 'yarsa, cikin hawaye, ta ce mahaifinta bai taɓa rusuna wa kowa ba. Ba a faɗi cewa da azumi ya mutu ba.

A Koriya yana shafin farko shi ma, amma daga ƙasa. Ga shi cikin harami a shekarar da ya je umara, furfura ta cika kai, hannuwa a sama. DATTIJO YA CIKA DA AZUMI A BAKINSA, MASU CI DA RANA SUN TAYAR DA RIGIMA A SHAGONSA. An kira mutum ukun masu nasiha, an kira shi bawan Allah da neman abinci ya tilasta wa buɗe shago. An ji ta bakin wani limami da wani ɗan majalisa. An ce ɗansa ya tabbatar da cewa marigayin ya yi niyyar rufewa. Ba a faɗi cewa shekara talatin yana buɗewa da hannunsa, ba mai tilasta shi ba.

Shuɗiya ta ba shi shekara sittin da huɗu, Koriya saba'in da ɗaya. Sittin da takwas yake.

Tana tsaye a kansu Lutfi ya shigo da tasa Shuɗiyar a nannaɗe, ya buga ta a kan tebur.

"Ke kika ba su wannan hoton?"

"Gwangwanin na ba ta."

"Gwangwanin kika ba ta! Mutumin da ya bar sigari tun kafin a yaye ki, shi kika sa duniya ta gani ƙirji a waje, a watan azumi, kwanansa ɗaya a kabari?"

"Kai kuma ka ce musu zai rufe, Yaya."

"Ya ce wata rana! Da kunnena na ji!"

"Shekara ashirin yana ce maka wata rana."

"To ƙarya na yi ke nan?"

"Ban ce ba."

"Ke da wannan muryar taki! Kamar mai karanta hasashen yanayi. Ubanmu ne fa ya mutu, Wasila. Sun mai da shi tutar marasa salla, ke ko a jikinki."

"Naku ma sun mai da shi abin tausayi."

"Namu? Su wa ne namu?"

Gwaggo Hasiba ta shigo tana jan ƙafa, ta sa tabarau ta duƙa a kan hotunan. Ta daɗe a kan na bakin tekun.

"Wannan rigar ni na ɗinka masa," ta ce. "Ɗan banza, ya ƙona ta da sigari a sati na biyu." Ta matsa ga ɗayan. "Wannan kuma da ya dawo zawo ya kwantar da shi kwana goma. Duk ƙanena ne. Ku kwashe min takardun nan, a nan zan yanka albasa. Mutane za su zo buɗa baki, ku kuna nan kuna haushi kamar karnukan kasuwa."

Lutfi ya fita, ƙofa ta bugu. Wasila ta naɗe jaridun da kyau, kowace a kan layin naɗinta, ta ɗora a kan firji.

Kwana uku abin na ƙara girma. Aka yi ta muhawara a talabijin, mutum biyu a dama, biyu a hagu, hoton tsohon a bayansu, kowace tasha da wanda ta zaɓa cikin biyun. Wasu suka taru a ƙofar shagon da rana tsaka suna shan ruwa a gaban kyamara, ɗauke da hoton mai sigari. Bayan sallar Juma'a wasu suka zo suka yi masa addu'a da lasifika, ɗauke da hoton mai harami. A cikin duka taron biyu Wasila ba ta ga fuskar da ta taɓa gani a shagon ba.

A rana ta huɗu ta je wurin Halifa. Ta same shi a cikin shagon shi kaɗai, kujeru a kife a kan tebura, yana goge injin gahawa da ba a kunna ba tun ranar. Ya sauke mata kujera ɗaya.

"Baba Halifa, me ya faru?"

Ya ci gaba da gugarsa. "Wanne kike so, na masu shuɗi ko na masu kore? Duk sun zo. Na yi musu bayani awa guda-guda, ban ga kalmata ko ɗaya ba."

"Naka nake so."

Ya ajiye tsumman. Ya ce mutanen nan uku ba baƙi ba ne. Biyu 'yan unguwa ne, duk shekara sai sun zo, su tsaya a ƙofa su ce, Baba Munji ka ji tsoron Allah, shi kuma ya ce ina jin tsoronsa fiye da ku, ku gaida iyayenku. Su tafi. Na ukun ne sabo, mai zafin kai, shi ya tura ƙofa ya shigo yana nuna mutane da yatsa. A teburin kusa da ƙofa kuma akwai wani mai jan hula, shi ma ba a san shi ba, ya miƙe da waya yana ɗauka, yana ce musu jemagu, ku koma kogonku. Daga nan sai murya ta hau murya.

"Babanki tun safe yake murza kafaɗarsa ta hagu. Na ce zauna, ya ce iska ce. Shi ya ɗauko tukunyar gas daga baya, na ce bari in ɗauka, ya ce ni da kai wa ya fi tsufa. Da hayaniya ta tashi ya fito daga bayan kanta yana cewa, ku yi hankali da ƙofar nan, ba ta da ƙwari."

"Sai aka ture shi?"

Halifa ya dubi hannuwansa. "'Yata, madara ce ta taso a kan wuta. Na juya in sauke. Da na juyo yana ƙasa."

"Ba ka gani ba."

"Ban gani ba. Wallahi ban gani ba. Na gaya wa masu shuɗi, suka ce tsoro nake ji. Na gaya wa masu kore, suka ce Allah ya saka min da alheri, kamar na ce ba a taɓa shi ba. Ni kuwa madara na sauke."

Ya fashe da kuka, irin na tsofaffi, ba sauti sai kafaɗu. Wasila ta dafa bayansa. Tana kallon wani tsagi a jikin tayil, tana tunanin ya kamata a gyara shi kafin wani ya yi tuntuɓe.

Ranar Litinin ta koma aiki. Dalila ta tare ta a ƙofa, babu barkwanci yau.

"Me ya fito da ke? Na ce ki yi sati biyu."

"Gidan ya cika da mutane."

"To zauna ki yi na yajin aikin malamai. Na babanki zan ba wani."

"Ni zan yi."

"Wasila, ba a yin haka. Ko likita ba ya yanka nasa."

"Wa ya fi ni sanin inda suka kauce?"

Dalila ta dube ta ta daɗe, sannan ta ajiye mata fayil ɗin ta koma ɗakinta ta bar ƙofa a buɗe.

Ta cika takardun kamar kullum. Labari goma sha ɗaya a Shuɗiya, bakwai a Koriya. A gurbin kalmar da aka kira mamaci da ita ta jera: jarumi, shahidin 'yanci, wanda aka zalunta. A ɗaya gefen: dattijo, bawan Allah, marigayi mai azumi. A gurbin waɗanda ba a ji ta bakinsu ba ta rubuta: ma'aikacin shagon. A gurbin kurakurai ta rubuta shekarunsa. Da ta zo kan maganar da aka jingina wa 'yar marigayin, ta rubuta: an sauya ma'ana. A kan ta ɗansa kuwa ta tsaya, biro a sama. Lutfi ya ji abin da ya ji. Ta rubuta: ba a iya tabbatarwa ba.

Sai bidiyon mai jan hula. Shafin Shuɗiya na intanet ya sa daƙiƙa ashirin na farko, inda mai zafin kan ya banko ƙofa yana ihu. Shafin Koriya ya sa ashirin na ƙarshe, inda ake jin zagin mai ɗauka, ga ɗaya daga cikin mutum ukun durƙushe yana kwance wa tsohon maɓallin wuya. Dalila ta samo cikakken daga hannun wani lauya, daƙiƙa arba'in da bakwai. Wasila ta sa abin ji a kunne ta kalla.

A daƙiƙa ta ashirin da ɗaya wani ya bugi hannun mai ɗauka, wayar ta kalli ƙasa. Tayil, ƙafar tebur, takalma. Ga silifas ɗin mahaifinta masu ruwan ƙasa sun shigo daga dama, taku biyu. Ana jin muryarsa, a kan ƙofar yake magana. Takalma suka cakuɗe. Sai ƙara. Da wayar ta ɗago yana kwance.

Ta maimaita sau goma sha huɗu. Ta rage gudu, ta tsayar, ta matso da fuska har numfashinta na taɓa gilashin. Silifas ɗin dai, taku biyu, sai takalma. Dalila ta zo ta bayanta ta zare mata abin jin daga kunne a hankali.

"Ya isa."

"Daƙiƙa bakwai ne babu a duka biyun," in ji Wasila. "Zan sa a rahoto."

"Sa. Sannan ki tafi gida."

Ana saura kwana biyar salla rahoton likita ya fito. Bugun zuciya ne. Akwai ƙujewa a gwiwar hannu da bayan kai, wadda faɗuwa kan iya jawowa, turi ma kan iya jawowa. Koriya ta sa a shafin farko: LIKITA YA WANKE MASU NASIHA. Shuɗiya ta sa a shafi na tara: RAUNUKA A JIKIN MUNJI, TAMBAYOYI SUN ƘARU. Washegari wani minista ya yi murabus, daga ranar ba wadda ta sake ambatar sunansa. Aka saki mutum ukun da 'yan sanda suka tsare. Mai jan hula bai sake bayyana ba. Rahoton Wasila ya shiga cikin na wata-wata, shafi huɗu, aka aika wa jaridun biyu kamar yadda aka saba, ba wadda ta amsa.

Lutfi bai sake tayar da maganar ba. Ranar salla ya zo da matarsa da 'ya'yansa, ya sumbaci goshin Gwaggo, ya miƙa wa Wasila kwalin alawa, suka yi barka da salla kamar maƙwabta. Kafin ya tafi ya tsaya a bakin ƙofa yana juya makullin mota.

"Shagon fa?"

"Halifa ya buɗe, in yana so."

"Azumi mai zuwa fa?"

"Da saura wata goma sha ɗaya, Yaya."

Ya gyaɗa kai ya tafi.

Mako biyu bayan salla, ranar Asabar da hantsi, tana shagon tana taya Halifa kwashe kayan tsohon daga ɗan ɗakin baya. Halifa ya fita sayo madara. Sai ga wani mutum ya shigo, siriri, fuska duk rana ta ƙone, da rawani a wuya irin na mutanen kudu. Ya yi sallama, ya leƙa bayan kanta.

"Baba Munji bai fito ba?"

Wasila ta dube shi. Ba izgili a fuskarsa, ba tausayi, tambaya ce kawai.

"Daga ina?"

"Daga wajen Gafsa. Sunana Balƙasim. Kafin azumi na kawo matata aka yi mata aiki a nan tsallake, na bar bargo da 'yar tukunya a wurinsa, ya ce in bari har in dawo da ita ganin likita. Ga shi mun dawo."

"Ba ka ji ba?"

"Me?"

"Ba ka ga jarida ba? Talabijin fa?"

Ya yi 'yar dariyar kunya. "Baiwar Allah, muna can bayan tumaki. Lafiya dai?"

Tun ranar da abin ya faru, duk wanda ya zo mata da nasa labarin yake zuwa, ita sai dai ta saurara. Wannan bai zo da komai ba. Ta buɗe baki, kalmomin da suka fara zuwa duk ta san daga shafin da suka fito, ta mayar da su.

"Ya rasu," ta ce. "Ranar tara ga azumi. A nan ya faɗi, kusa da inda kake tsaye. Ni 'yarsa ce."

Mutumin ya ja da baya taku ɗaya, ya dubi ƙasa. Ya yi salati, ya ɗaga hannu ya karanta Fatiha. Da ya shafa sai ya ce, "Allah ya jiƙansa. Kwana goma sha biyu ina kwana a bencin asibiti, kullum da asuba shi ke barina in wanke fuska a famfonsa. Ciwo ya yi?"

"Zuciya, in ji likita."

"Ya sha wahala?"

Wasila ta tsaya. Ta karanta labari goma sha takwas a kan mutuwar nan, da rahoton likita, da na 'yan sanda. Ba ta san amsar ba, kuma sai yanzu ta lura ita ma ba ta taɓa tambaya ba.

Halifa ya shigo da robar madara a kowane hannu. Ta juya gare shi.

"Baba Halifa, wai ya sha wahala?"

Tsohon ya ajiye madarar a kan kanta. "A'a. Kansa na kan cinyata. Ya buɗe ido sau ɗaya, ya dube ni kamar zai yi min faɗa, ya ja numfashi biyu. Ko minti uku ba a yi ba."

"Alhamdu lillahi," in ji Balƙasim. "Wannan sauƙi ne."

Wasila ta shiga ɗakin baya. Bargon na saman kabad a cikin buhu, an ɗaure bakinsa da igiya, tukunyar a ciki. A jikin buhun an rubuta "na mutumin Gafsa" da rubutun mahaifinta mai karkata hagu. Ta tsaya riƙe da shi, ta ji wani abu ya motsa can ƙasan ƙirjinta, kaɗan, kamar ƙafar da ta yi sanyi ta fara dawowa. Ta jira. Bai wuce haka ba.

Ta fito ta miƙa masa. Ya rungume buhun, ya yi godiya, ya sake yin addu'a. Halifa ya ce ba zai tafi ba sai ya sha gahawa, Balƙasim ya ce matarsa na jira a layin asibiti, Halifa ya ce layin nan ba ya motsi kafin azahar, zauna. Ya zauna a bakin kujera. Halifa ya kunna inji, ya sauko da kofi uku.